Hutun Bazara a Kan Tsauni da Ƙishirwar Malamai a Bukkuyum

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo a Bukkuyum ko Anka ko Gummi a tsakiyar watan Afrilu ya san abin da ake kira bazara. Tun kafin azahar kwanon rufin aji ya ɗauki wuta, zafi ya haura digiri 40, yara na gyangyaɗi, malami kuwa murya ta dishe. A irin wannan lokaci ne kuma sanƙarau kan ɓarke, kamar yadda ya faru a Jihar Zamfara a shekarar 2017. To, idan ɗan gida ma yana kokawa da wannan yanayi, ina ga baƙon da ya taso daga ƙasar ƙanƙara?

Amma kuwa an yi zamanin da irin waɗannan baƙi suka riƙe alli a makarantun Arewa. A shekarar 1958 ne wani Baturen Ingila, Alec Dickson, tare da matarsa Mora, suka kafa ƙungiyar 'yan sa-kai ta VSO, sannan a 1961 Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa Peace Corps, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka karɓi mutanenta. Galibinsu matasa ne da ba su daɗe da kammala jami'a ba, wasunsu ma mata da miji ne, suka zo suna koyar da Turanci da lissafi da kimiyya a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai, a kan ɗan alawus da bai taka kara ya karya ba.

Dattawan da suka yi karatu a hannunsu za su iya tunawa cewa da zarar an ba da hutu a lokacin zafi, da yawa daga cikin Turawan da ke aiki a Arewa Jos sukan nufa, domin garin na bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200. Akwai otal ɗin Hill Station a cikin gari, ga gidan hutun da mishan ɗin SIM suka gina wa ma'aikatansu a Miango, ga kuma duwatsun Shere, inda reshen horo a kan tsauni na Cibiyar Koyar da Shugabanci da Zama Ɗan Ƙasa yake. Ita wannan cibiya ta samo asali ne daga sansanin Man O' War Bay da shi Dickson ɗin ya assasa a 1951. Mata da mijin da suka shafe watanni cikin ƙurar hunturu da zafin bazara sai su samu 'yan kwanaki suna barci da bargo, suna hawan dutse, suna musayar dabarun koyarwa da takwarorinsu, sannan su koma aji da sabon ƙarfi.

Wani zai ce wannan ai holewa ce irin ta Nasara. A nawa ganin, dabara ce ta riƙe ma'aikaci. Hausawa na cewa da ruwan ciki akan ja na rijiya, kuma malamin da ya galabaita ba shi da abin da zai ɗebo wa ɗalibi. Baƙo raɓa ne, idan ba a tanadar masa inuwa ba, hantsi na ɗagawa za a neme shi a rasa.

Mutanen yankinmu sun ga shaidar haka da idonsu. Lokacin da gubar dalma ta halaka yara sama da 400 a 2010, a garuruwa irin su 'Yargalma ta Bukkuyum da Dareta da Bagega na Anka, ma'aikatan ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, wato MSF, sun zo sun shafe shekaru suna aiki. Tausayi ya kawo su, amma tsari ne ya zaunar da su, domin ƙungiyarsu ta tanadi masauki da hutu da canjin hannu. Yaran da suka tsira, waɗanda dalma kan raunana wa ƙwaƙwalwa, sun taso suna bukatar ƙwararren malami mai haƙuri fiye da kowa. Shin mun yi wa wannan malami irin tanadin da aka yi wa likita?

Abin takaici, Nijeriya ba baƙuwa ba ce a harkar sa-kai. Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida kuma ta ƙirƙiro shirin tura malamai da likitoci zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik a 1987. Sai ga shi muna shayar da maƙwabta alhali randarmu a bushe. Bugu da ƙari, bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a watan Fabrairun 2021 da rufe makarantun da ya biyo baya, iyaye ƙalilan ne za su amince a tura ɗansu ƙauyen Zamfara. Hatta Jos ɗin da ake gudu a fake, rikicin 2001 ya dusashe mata suna.

Saboda haka, dokar ta-ɓaci a fannin ilimi da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana a 2023 ba za ta cika ba matuƙar ta tsaya ga bulo da fenti. Tsaro shi ne farko. Bayansa sai gidan malami mai ruwa da wutar sola, da kuɗin hutu a kan kari, da taron ƙara wa juna sani a wuri mai sanyi duk bazara. Kazalika, idan mata da miji duk malamai ne, a tura su gari ɗaya, domin iyali a haɗe ya fi zama, kuma iyaye sun fi sakin jiki su bar 'ya mace a makarantar da ke da malama.

Daga ƙarshe, ƙalubale ne gare mu 'ya'yan Bukkuyum da Anka da Gummi da ke aiki a Abuja da Kaduna da Sakkwato. Idan har wasu sun iya ƙetaro teku domin 'ya'yan da ba nasu ba, me zai hana likita da matarsa malamar lissafi su ware mako biyu daga hutun da sukan yi a Dubai, su koyar a hedikwatar ƙaramar hukumarsu, inda aka fi samun natsuwa? Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya kuma sa mu dace, amin.