Bunkure: Hotuna sun cika waya, amma albam ya koma fanko

Duk wanda ya halarci biki ko suna a Bunkure cikin 'yan shekarun nan ya san abin da ke faruwa da zarar amarya ta fito ko an ɗauko jariri. Wayoyi ne ke tashi sama, goma ko fiye a lokaci guda. Kafin taro ya watse, hotunan sun bi ta cikin manhajar tacewa: an goge ƙuraje, an ƙara haske, an cire bangon ƙasa an sa labule mai walƙiya, sannan an ɗora a sitatus na WhatsApp.

Bayan awa 24 sitatus ya ɓace. Bayan shekara biyu ko uku, ita kanta wayar ta lalace, ko an sayar da ita, ko ɓarawo ya yi gaba da ita a kasuwa. Idan yaron da aka yi wa sunan ya girma ya ce a nuna masa hotonsa, da wuya a samu abin miƙa masa.

Arahar manhajojin gyaran hoto ta sa kowa ya zama mai hoto. Sai dai ta zo a daidai lokacin da hoton takarda da mujallun da suka rayu a kansa ke janyewa daga kasuwa, kuma abin da ake rasawa ya wuce ado.

Zamanin jiran mai hoto

Waɗanda suka haura shekara 35 ba su manta da mai hoto na ranar Sallah ba. Yakan zo a keke ko babur, kyamara a rataye a wuya, da zanen da zai kafa a bango. Fim ɗin da ke cikin kyamarar hoto 36 kawai yake ɗauka, don haka babu maganar "sake ɗauka, na rufe ido".

Idan fim ya cika, sai ya shiga mota zuwa Kano inda ake wanke hoto mai kala. Akan yi mako guda ko fiye ana jira. In hoto ya zo, a biya, a zura shi cikin albam ko a sa a firam a rataye.

Albam ɗin nan yana da aikinsa a gida. Shi ake miƙa wa baƙuwa kafin a kawo abinci, daga nan hira ta ɓarke: wannan ita ce wance kafin ta yi aure, wannan kuma marigayi ne ranar da ya dawo daga Makka. Hoto yana da tsada a lokacin, shi ya sa ake tattalinsa.

Lokacin da mujalla ke tashe

A ƙasar Hausa, mujallun da suka fi rayuwa a kan hoto su ne na finafinai. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, harkar bidiyo ta bunƙasa a Kano, masu kallo kuma suka fara ƙishirwar ganin fuskokin jarumai a wajen fim.

A 1998 Sunusi Shehu Daneji ya fara buga mujallar Tauraruwa a Kano, kuma a shafukanta ne kalmar Kannywood ta fara bayyana a 1999. A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme ya fito da mujallar Fim. Wasu irin su Mumtaz sun biyo baya.

Bangon mujalla shi ne rabin cinikinta. Kwafi ɗaya da wani ya sayo daga birni yakan zaga gidaje da yawa a gari irin Bunkure ko Kura, daga shagon tela zuwa ɗakin amarya, har sai gefensa ya nannaɗe. Daga ƙarshe a yanke hotunan a manna a bango ko a bayan ƙofa. Teloli ma daga nan suke kwaikwayon ɗinki.

Yau jarumi ba ya jiran ɗan jarida ya zo ya ɗauke shi. Da kansa yake sa hotonsa a Instagram ko TikTok, tatacce, a kyauta, sau nawa ya ga dama a rana. Wa zai jira ƙarshen wata ya biya kuɗi don ganin abin da ya riga ya gani a wayarsa? Yawancin waɗancan mujallu sun daina fitowa, ita kuwa Fim ta fi ƙarfi yanzu a intanet.

Tsadar bugu ta ƙara dagula lamarin. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa, don haka mafi yawan takardar da ake bugu da ita daga waje ake shigo da ita. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Takarda da tawada da injin bugu duk sun bi ta.

Ba a Kano kaɗai ba

Abin da ya samu mujallun Hausa ya samu manyan mujallun hoto na duniya. Popular Photography ta Amurka, wadda aka fara bugawa a 1937, ta daina fitowa a takarda a 2017 bayan shekara 80. Kamfanin Kodak, wanda sunansa ke jikin fim da yawa da masu hoton ƙauye suka riƙe, ya shigar da takardar karayar arziki a watan Janairun 2012.

Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan sun nuna cewa a 2010 an fitar da kyamarori kusan miliyan 121 zuwa kasuwa. A 2020 ba su kai miliyan 10 ba. Su waɗannan kamfanoni ne manyan masu ba mujallun hoto talla, don haka da cinikinsu ya faɗi, mujallun ma suka bi.

Yadda tace hoto ya koma kyauta

Photoshop, wadda ta fito a 1990, ta daɗe a matsayin kayan aikin ƙwararru. Sai kana da kwamfuta da ɗaruruwan daloli. A 2013 kamfanin Adobe ya daina fitar da sababbin nau'o'inta da ake saye gaba ɗaya, ya koma karɓar kuɗin wata-wata, inda ya yi wa masu hoto rangwame zuwa kusan dala 10 a wata.

Ko da rangwamen, wannan kuɗi yana da nauyi ga matashin da ke Bunkure, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Shi ya sa da yawa suka dogara da kwafin sata da ake tura wa juna ko ake zuba wa mutum a shagon gyaran waya, duk da haɗarin da ke ciki na shigo da manhajar leƙen asiri.

Amma abin da ya sauya komai shi ne manhajojin waya. Google ya sayi Snapseed a 2012 ya mayar da ita kyauta. Ga PicsArt, ga Canva, ga PixelLab da matasan Arewa ke haɗa katin gayyata da fasta da ita, ga Remini da ke amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen fayyace fuskar da ta dushe. Yawancinsu kyauta ake sauke su, sai dai a riƙa nuna maka talla ko a yi maka tayin rangwame don ka biya ka buɗe sauran sassan.

Su kansu wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda suka cika Kasuwar Farm Centre a Kano, suna zuwa da tsarin ƙawata fuska a cikin kyamara. Sau da yawa hoton ya riga ya sha gyara tun kafin mai wayar ya taɓa komai.

Gani ya daina korar ji

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A yankin da hoto ya shiga cikin ciniki, wannan magana ta fara rauni.

Bunkure da Kura da Garun Malam su ne cibiyar noman rani na Kadawa, wanda ke shan ruwan madatsar Tiga ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Shinkafa da tumatir da albasa da alkama na yankin suna tafiya har kudancin ƙasar nan. A yau dillali a Kwanar Gafan yakan tura hoton kwandon tumatir ta WhatsApp ga mai saye a Legas, haka mai casar shinkafa a Kura yakan tura hoton samfur kafin a yi ciniki.

Ƙara wa tumatir ja ko ƙara wa shinkafa fari aikin daƙiƙa biyar ne a manhaja. Idan kaya suka isa aka ga bambanci, rigima ta tashi, kuma wanda bai taɓa hotonsa ba shi ma zargin ya shafe shi. Shi ya sa masu saye da dama suka fi son bidiyo ko kiran bidiyo kai-tsaye.

Akwai kuma hoton da manomi ke tura wa malamin gona ko mai shagon magani. Manoman yankin ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar Tuta absoluta, wadda suke kira Sharon, ta cinye gonakin tumatir har masana'antar Dangote da ke Kadawa ta tsaya saboda rashin kayan aiki. Gane cutar shuka ya dogara da ainihin launin ganye da tabon da ke jikinsa. Idan waya ta ƙara wa ganye kore da kanta, mai ba da shawara zai iya kuskure, manomi ya sayi maganin da ba shi ne ba.

A harkar aure ma zancen ke nan. Hoton da ake tura wa dangi ko mai neman aure yakan fito da fata fara sol, fuska sumul. Dariya ake yi wa abin, amma yana koya wa 'yan mata cewa launin da Allah Ya ba su abin gyarawa ne, a ƙasar da likitoci suka daɗe suna gargaɗi kan man bilicin.

Ina masu hoton suka shiga?

Hoton Sallah da na suna, waɗanda a da su ne abincin mai hoton ƙauye, sun koma hannun waya. Hoton fasfo ma ya ragu, tun da a wurin rajistar katin ɗan ƙasa da ta jarrabawar JAMB nan take ake ɗaukar mutum da kwamfuta. Abin da ya rage shi ne na makarantu da takardun neman aiki da na ƙungiyoyin manoma.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Wasu sun koma ɗaukar bidiyon biki, wasu sun haɗa situdiyo da buga takardu ko sana'ar POS, wasu kuma sun bar harkar sun koma gona.

Dole kuma a faɗi alherin abin. Matashin da a da ba zai iya sayen kwamfuta ba, yanzu da wayarsa yake haɗa katin ɗaurin aure, da fastar walimar saukar Alƙur'ani, da kalandar biki, da banar 'yan siyasa, ya tura Kano a buga a aiko masa a mota. Matar aure da ke sayar da turaren wuta ko atamfa daga cikin gida tana tallata kayanta ba tare da ta biya kowa ba. Wannan sana'a ce da babu ita shekara 15 da suka wuce.

Wa zai ajiye wa na baya?

An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, kuma ita ce ta sauya fuskar wannan yanki. Mai binciken da ke son ganin yadda aka ba da labarin wancan zamani yana iya zuwa Arewa House ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna ya buɗe tsofaffin jaridu irin su New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo. A Gidan Makama da ke Kano ma tsofaffin hotunan birni suna nan a rataye. Sun kai yau ne saboda an buga su a takarda, wani kuma ya adana.

A Bamako, Malick Sidibé ya shafe shekaru yana ɗaukar matasa a situdiyonsa da wuraren biki, yana kuma ajiye fim ɗin a cikin kwalaye. Waɗannan hotunan talakawa ne suka sa aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venice a 2007. Irin wannan taska tana iya kasancewa a cikin akwatin wani tsohon mai hoto a Bunkure ko Kura ko Rano, gara da danshi suna cinta.

Hoton waya kuwa rayuwarsa a rataye take. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci duk lokacin da aka tura shi ta hanyar da aka saba. Google yana ba da gurbin ajiya na gigabait 15 kyauta, amma ya sanar cewa zai iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba. Ga shi kuma mutane da yawa a shago aka buɗe musu asusun, ba su ma san lambar sirrinsa ba.

Akwai abubuwa masu sauƙi da kowa zai iya yi. Ka ajiye hoton asali kafin ka tace shi, domin tataccen ba ya komawa yadda yake. Idan hoto mai muhimmanci ne, ka tura shi a matsayin fayil don kada ya matse. Ka rubuta imel ɗinka da lambar sirri a wurin da ka amince da shi. Idan hoton kaya ne ko na gona, ka kashe tsarin ƙawatawa ka ɗauka a hasken rana.

Sannan a kowace shekara ka zaɓi hotuna ko da goma ne ka kai a wanke maka, ka rubuta suna da wuri da kwanan wata a bayansu. Idan akwai tsohon albam a gidanku, ka zauna da dattijon da ya san fuskokin da ke ciki tun yana raye. Remini za ta iya fayyace maka fuskar kakanka, amma ba za ta gaya maka sunan wanda ke tsaye kusa da shi ba.