Karatun lissafi a Amurka: shekara biyu a kwalejin al'umma, sannan jami'a

A 'yan kwanakin nan ɗalibai da dama sun zo teburin ilimi da tambaya iri ɗaya. Wasu suna da 'yan'uwa da aka tsugunar a Amurka a shekarun baya, sun ji suna cewa suna karatu a wata kwaleji ta shekara biyu kafin su wuce jami'a. Iyaye kuma suna tambaya ko wannan kwaleji makarantar kirki ce, ko kuwa ta waɗanda jami'a ta ƙi ce. A wannan fitowa za mu bayyana yadda tsarin yake, musamman ga mai son karanta lissafi ko injiniyanci ko ilimin kwamfuta, da kuma abin da ɗalibi zai iya fara yi tun yana nan tare da mu.

Kafin komai, mu faɗi gaskiya

Wannan bayani ba alƙawarin tafiya ba ne. A duk duniya, waɗanda ake tsugunarwa a wata ƙasa ta uku a shekara ba su kai mutum ɗaya cikin 'yan gudun hijira ɗari ba. A watan Janairun 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da shirinta na karɓar 'yan gudun hijira. Ba a sayen gurbin tsugunarwa, ba a biyan ko sisi a kansa. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya saka sunanku a jeri, ko ya samo wa ɗanku takardar shiga kwaleji da biza, ɗan damfara ne, ku kawo mana rahotonsa. Muna wannan bayani ne domin masu 'yan'uwa a can su san abin da za su tambaye su, domin kuma shirin da kwalejin ke nema shi ne dai shirin da kowace jami'a ke nema, har da na ƙasar da muke zaune.

Mece ce kwalejin al'umma?

Makaranta ce ta gaba da sakandare wadda gwamnatin jiha ko ta gunduma ke ɗaukar nauyinta, kuma karatunta na shekara biyu ne. Mafi daɗewa a cikin na gwamnati ita ce ta garin Joliet a jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901. Yanzu akwai kimanin dubu ɗaya a faɗin Amurka, jihar Kalifoniya kaɗai tana da 116. Akasarinsu ba sa tankaɗe da rairaya wajen ɗaukar ɗalibai. Duk mai shaidar kammala sakandare, ko mai takardar jarrabawar GED da ke tsayawa a madadinta, ana karɓarsa. A aji ɗaya za ka ga ɗan shekara goma sha takwas da uwa mai 'ya'ya huɗu da direban babbar mota, domin akwai darussan yamma da na ƙarshen mako saboda masu aiki.

Ana ƙidaya karatun da yunit. Yawancin darussa yunit uku ne ko huɗu, wasu na lissafi biyar. Digirin farko na jami'a kusan yunit 120 ne, kwalejin al'umma kuma tana ba da kusan 60 na farko tare da takardar shaida. In an yi komai daidai, ɗalibi zai ɗauki yunit ɗinsa ya shiga jami'a a shekara ta uku, ya ƙara shekara biyu, ya karɓi digiri mai sunan jami'ar, iri ɗaya da na wanda ya fara a cikinta. Waɗanda suka san tsarin Nijeriya za su tuna mai difloma ko NCE da ke shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Kusan haka abin yake, sai dai a Amurka aji uku ake shiga.

Me ya sa mutane ke bi ta nan?

Babban dalili kuɗi ne. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, matsakaicin kuɗin makaranta a kwalejin al'umma ga mazaunin yankin kusan dala 4,000 ne a shekara, a jami'ar jiha kuwa ya haura dala 11,000. A shekara biyu bambancin ya kai kimanin dala 14,000, ban da kuɗin ɗaki, tunda ɗalibin kwaleji yawanci a gidan iyayensa yake kwana.

Wanda aka shigar da shi ƙasar a matsayin ɗan gudun hijira yana cikin baƙin da ke iya neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya. Ana cike takardar da ake kira FAFSA kowace shekara, kyauta. Tallafin Pell, wanda ake bai wa masu ƙaramin ƙarfi kuma ba a biyansa, ya kai dala 7,395 a shekara ga wanda ya samu cikakkensa. Amma yana da iyaka: zango goma sha biyu na cikakken karatu, wato shekara shida, a duk rayuwar mutum. Ku riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa. Wanda ya shiga da bizar ɗalibi kuwa ba shi da wannan tallafi, kuɗin makarantarsa ya fi yawa, kuma sai ya nuna shaidar kuɗin da zai riƙe kansa kafin a ba shi bizar.

Dalili na biyu shi ne ƙanƙantar aji. A manyan jami'o'i, darasin lissafi na shekarar farko kan tara ɗalibai ɗaruruwa a zaure ɗaya. A kwalejin al'umma sau da yawa ba su wuce talatin ko arba'in ba, malami zai san sunanka, kuma akwai ɗakin ƙarin bayani na kyauta. Ga wanda Turancinsa bai nuna ba, akwai darussan koyon harshen a kwalejin.

Lissafi tsani ne

Darasin tarihi ko na zamantakewa ana iya ɗaukarsa a kowane zango. Lissafi kuwa sai an bi shi mataki-mataki, ba a barin ɗalibi ya hau na sama sai ya ci na ƙasa, yawanci da makin C ko sama da haka. Ga yadda matakan suke a yawancin kwalejoji:

Aljabra, inda ake amfani da haruffa a madadin lambar da ba a sani ba. Sunan daga Larabci yake, daga littafin da al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na tara.

Share fagen kalkulas, wanda ya haɗa da tirigonometiri, wato lissafin kusurwoyi da tsawon gefunan alwatika.

Kalkulas na ɗaya, na biyu da na uku, zango ɗaiɗai. Shi ne lissafin yadda abu ke sauyawa: gudun mota a wani lokaci, ko yadda ruwa ke raguwa a tanki mai yoyo.

Daga nan sai aljabra ta jami'a, mai aiki da lambobin da aka jera layi-layi a teburi, da kuma darasin da ke amfani da kalkulas wajen hasashen abubuwa kamar yaɗuwar cuta ko ƙaruwar jama'a.

Zango ɗaya kusan mako goma sha biyar ne. Na farko yana farawa a ƙarshen Agusta ya ƙare a Disamba, na biyu daga Janairu zuwa Mayu. Jami'a tana son mai shigowa sashen lissafi a shekara ta uku ya riga ya gama kalkulas ukun nan da darussan da ke biye da su, saboda a can za a shiga darussan kafa hujja, inda ba amsa kaɗai ake nema ba, sai ka nuna dalilin da ya sa ta zama gaskiya.

Matakin da aka ajiye ka

Kwaleji ce ke yanke matakin da sabon ɗalibi zai fara. Wasu suna duba sakamakon sakandare. Wasu suna ba da jarrabawar gwaji a kwamfuta, kamar ACCUPLACER ko ALEKS. Ba a faɗuwa wannan jarrabawa har a hana mutum shiga, amma ita ke yanke tsawon tafiyarsa. Wanda ba shi da takardun sakandaren Amurka ya fi yiwuwa a gwada shi.

Mu ɗauki misalin 'yan mata biyu da suka shiga kwaleji rana ɗaya, dukansu suna son digirin lissafi. Ta farko ta yi bita kafin gwajin, aka ajiye ta a kalkulas na ɗaya. A zango huɗu ta gama abin da ake nema, ta wuce jami'a. Ta biyu kanta yana ja, amma shekara uku rabonta da aji saboda gudun hijira, kuma ba ta yi bita ba. Aka ajiye ta a aljabra ta ƙasa, zango uku tsakaninta da kalkulas. Ta ƙara shekara ɗaya da rabi ke nan. Darasin gyaran da ta fara da shi ana biyansa kuɗi amma ba ya shiga lissafin digiri, zangunan kuma suna cin tallafinta na Pell. Maimakon zango takwas daga farko har digiri, tana bukatar goma sha ɗaya, saura ɗaya tak tallafin ya ƙare. In ta faɗi darasi biyu a hanya, zangon ƙarshe daga aljihunta zai fito ko daga bashi.

Inda ake tuntuɓe wajen komawa jami'a

Jami'a ba dole ne ta karɓi duk yunit ɗin da ɗalibi ya kawo ba. Wani rahoto da ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi asarar kusan kashi 43 cikin ɗari na yunit ɗinsu. Masu bincike sun kuma gano cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na masu shiga kwalejin al'umma suna da niyyar yin digiri, amma kimanin ɗaya cikin shida ne ke samunsa a cikin shekara shida. Aiki da hidimar gida da rashin kuɗi suna tsayar da wasu, ɗaukar darussan da ba su dace ba yana ɓata wa wasu lokaci.

Maganin wannan shi ne rubutacciyar yarjejeniya tsakanin kwaleji da jami'a, wadda ke faɗin darasi kaza a nan yana daidai da darasi kaza a can. A jihar Fulorida, wanda ya gama shaidar shekara biyu ta share fagen jami'a yana da tabbacin gurbi a ɗaya daga cikin jami'o'in jihar. A Kalifoniya, dokar 2010 ta samar da shaida ta musamman mai ba da irin wannan tabbaci a jami'o'in jiha. Tabbacin ba ya nufin lallai a jami'ar da mutum ya fi so. Don haka tun a zangon farko ɗalibi ya zaɓi jami'a ɗaya ko biyu, ya je wurin mai ba da shawara na kwalejin, ya tambaye shi a kan kowane darasi kafin ya yi rajista: jami'a kaza tana karɓar wannan a sashen lissafi? Akwai kalkulas na masu karatun kasuwanci, mai sauƙi, wanda sashen lissafi da na injiniyanci ba sa karɓa. Mutane da yawa sun ɗauke shi bisa kuskure, sai da suka maimaita.

Abin da za ku iya yi daga yau

Ku adana takardu. Sakamakon WAEC ko NECO, na BEPC ko bakaloriya ko GCE, har da katin sakamakon kowane zango. Ku saka su a leda saboda damina, ku ɗauki hotonsu a waya. Wanda takardarsa ta WAEC ta ƙone ko ta ɓace, in ya tuna lambar jarrabawarsa da shekarar, ana iya duba sakamakon a intanet. Ku zo teburin ilimi mu taimaka.

Ku riƙa bita kullum, ko da rabin awa ce. Ku fara da lissafin rabi da sulusi da kwata, da kashi cikin ɗari, da lambobin ƙasa da sifiri, domin a nan tushen yawancin ɗalibai ke da rauni. Ku gwada kanku da wannan: tanki yana da lita 200, ana ɗiban lita 15 kowace awa, bayan awa nawa zai saura lita 80? Wanda ya rubuta 200 − 15x = 80 ya samu 8 ya kama hanyar aljabra. Wanda ya samu amsar da ka amma ya kasa rubuta ta haka, ga abin da zai koya a wannan wata.

Ku koyi kalmomin lissafi da Turanci. Waɗanda suka yi makarantar Faransanci su lura cewa abin da suke rubutawa 3,5 a Amurka 3.5 ake rubuta shi, waƙafi kuma na raba dubbai ne. A can da mil ake auna tafiya, mil ɗaya kuwa kusan kilomita 1.6 ne.

Iyaye, muna roƙonku ku rage wa 'yan mata ɗiban ruwa da raino a lokacin bita, kada a cire su daga aji a shekarun ƙarshe na sakandare. Sannu ba ta hana zuwa, amma duk shekarar da yaro ya yi ba ya aji, sai ya biya ta da lokaci da kuɗi nan gaba.

Wannan shiri ba zai tafi a banza ba ko da tafiya Amurka ba ta samu ba. Tallafin DAFI, wanda gwamnatin Jamus ta fara a 1992, yana biya wa 'yan gudun hijira karatun jami'a a ƙasar da suka samu mafaka, kuma sakamakon sakandare mai kyau yake dubawa. Duk mai son a gwada matakinsa a lissafi, ko a duba masa takardunsa, ya zo teburin ilimi da katin rajistarsa da littafin rubutu.