Ɗan Aiken Da Ba A Gani, Da Gurbin Da A Ke Bar Masa

Filin kimiyya na wannan mako zai yi bayani ne a kan wani ɗan aike wanda ba a ganinsa, ko da ya ke kusan duk mai wayar hannu ya taɓa cin moriyarsa. Mutum yana zaune a Kumasi ko Jidda ko Landan, ya nemi aika kuɗi gida, sai ga gajeren saƙo daga banki ɗauke da lambar sirri. Ba wani akawu ba ne ya rubuta shi. Kwamfutar banki ce ta shirya shi, ta miƙa wa wata 'yar manhaja, ita kuwa ta kai shi ga kamfanin waya. Wannan manhaja ita ce ɗan aiken, tana tsaye tsakanin ɓangarorin biyu kamar tafinta.

Ƙa'idar da ta ke bi wajen magana da kamfanin waya sau da yawa ita ce wadda a ke kira SMPP, wadda wani ƙaramin kamfani na ƙasar Ailan, Aldiscon, ya ƙago. Tsarinta ya yi kama da takardar tangaraho ta gidan waya: ga gurbin mai aikawa, ga na wanda aka aika wa, ga na saƙon kansa. Amma ba mai iya hango dukkan abin da za a bukata gobe. Saboda haka a cikin 1999, sa'ad da aka fito da tsari na 3.4, sai aka buɗe ƙofar ƙari. Kowane ƙari yana da abu uku, watau lambar da ke nuna sunansa, da tsawonsa, sa'an nan abin da ya ƙunsa. An keɓe lambobi daga 5120 zuwa 16383 domin kamfanoni su yi amfani da su yadda suka ga dama, aka kuma sa doka cewa injin da ya tarar da ƙarin da bai sani ba ya wuce shi kawai, kada ya watsar da saƙon.

To, buɗe ƙofa a cikin ƙa'ida abu ɗaya ne, ita manhajar ta yarda mai amfani da ita ya bi ta ƙofar wani abu ne dabam. Akwai manhajar da ba ta san kome ba sai guraben da maginanta suka lissafta mata. Akwai kuma irin su Kannel, wadda aka fara a ƙasar Finlan a 1999, inda injiniya zai rubuta sabon ƙari a cikin saiti ba tare da ya taɓa gininta ba.

Ƙasar Indiya ta nuna amfanin wannan a fili. A 2018 hukumar kula da harkar waya ta ƙasar, TRAI, ta kafa dokar hana saƙonnin talla da na zamba. Dole kowane banki ko kamfani ya yi rajistar kansa da ta kalmomin saƙonsa, kuma lambobin rajistar su bi kowane saƙo. Tsohuwar takarda ba ta da gurbinsu, sai da yawa suka sa su a ƙari na 5120 da 5121. Ran 8 ga Maris 2021, da aka fara tantancewa, saƙonni masu ɗimbin yawa suka maƙale, domin waɗansu ba su gama rajista ba, waɗansu kuwa lambobinsu ba su dace ba. Mutane suka yi ta jiran lambar banki shiru, har hukumar ta dakatar da aikin na kwana 7.

Amma fa ƙofar nan tana da haɗarinta. Gurbin da manhaja ta sani takan bincika shi, ta yi ƙorafi in an yi kuskure. Wanda ba ta sani ba sai ta miƙa shi yadda aka ba ta, injin da ke can kuma ya wuce shi ba tare da ya ce uffan ba. Manhajar kirki ita ce wadda ke tambayar injiniya tsawon ƙarin da irinsa, lamba ne ko rubutu, tun kafin saƙon farko ya tashi.

Akwai wani saiti kuma da ya shafi Hausa kai tsaye. Gajeren saƙo yana ɗaukar baƙaƙe 160 in an rubuta shi da jerin baƙaƙen GSM, amma ƙ da ɗ da ɓ ba su cikin jerin. An yi wa Turkanci da Hindi da Urdu jeri na musamman, ba a yi wa Hausa ba. In manhaja ta kafe a kan jerin farko, sai baƙin ya koma alamar tambaya, ko lanƙwasar ta faɗi, ƙarya ta zama karya. In kuwa ta bar injiniya ya zaɓi babban jerin UCS-2, baƙaƙen za su isa lafiya, sai dai saƙo ɗaya ba zai wuce 70 ba, in an rarraba shi kuwa 67 kowane yanki. Saƙo mai baƙaƙe 150 da ƙ guda a cikinsa zai tafi ne kashi uku, a biya kuɗin uku.