Farin jini: Jarin da ba a gani a kasuwar Suleja

Duk wanda ya ratsa Kasuwar IBB da ke Suleja zai ga shaguna a jere suna sayar da kaya iri ɗaya, a farashin da bambancinsa bai taka kara ya karya ba. Amma wani shagon ba ya rabuwa da masu saye, maƙwabcinsa kuwa sai hamma. Sau da yawa abin da ya raba su shi ne farin jini, wato yadda mutane ke jin daɗin hulɗa da mutum.

Tarihin garin ya ƙara wa wannan hali daraja. A da sunansa Abuja, kafin gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, wanda ya ɗauki sunan, tsohon garin kuma ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Da fadar gwamnati ta ƙaura daga Legas a 1991, ma'aikata da 'yan ƙwadago da kuɗin haya ya fi ƙarfinsu a Abuja suka yi ta tarewa a Suleja da Madalla. Gwari da Koro da Hausawa suka sami maƙwabta daga kowace kusurwar ƙasa.

A ƙauye, mai saye ya san mahaifin mai shago. A garin baƙi kuwa ba shi da abin dubawa sai yadda aka karɓe shi: an amsa sallamarsa, an saurari tayinsa, an ce masa “albarka” ba tare da ɗaure fuska ba, an yi masa gyara. Ba banza ba Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Amma inda lamarin ya fi nauyi shi ne bashi. Ƙaramin ɗan kasuwa yakan karɓi kaya a wurin mai sari, ya sayar, sannan ya biya, galibi ba rubutu ba jingina. Ranar da kaya suka yi ƙaranci, ko ciniki ya ja baya aka nemi ɗagin lokacin biya, mai sari zai fara tuna wanda ba ya ɓuya idan ya makara, wanda kuma ya zo masa ta'aziyya. Wannan tsohon tsari ne. Masanin zamantakewa Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu ya dogara ga bashi da kuma sunan kirkin masu masaukin fatake.

A ofis ma haka abin yake. A 2005 Tiziana Casciaro da Miguel Sousa Lobo sun wallafa bincike a mujallar Harvard Business Review ta Amurka, inda suka gano cewa ma'aikata sukan guje wa gwanin da ke da wulaƙanci, su nemi taimakon wanda suke sakewa da shi ko da bai kai shi iya aiki ba. Ma'aikata ce ke asara, domin ilimin gwanin ya zauna a cikinsa, takardu kuma su yi ta kwana a tebur saboda ana shakkar tambayarsa.

Sai dai a kula, daɗin baki daban, farin jini daban. Ɗan damfara ma ya iya murmushi. Lokacin da A. H. M. Kirk-Greene ya yi sharhi a 1974 kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, gaskiya da amana suna cikin halayen da ya lissafa tare da karamci da haƙuri da ladabi. Mai awon da ke fara'a amma mudunsa bugagge ne zai ci riba sau ɗaya, kuma a motocin da ke jigilar ma'aikata daga Suleja zuwa Abuja kowace safiya, labarinsa zai riga shi isa unguwanni.