Bukkar Attajirai: Kwana Uku A Karkarar Norwe

Akwai wata kasuwa da ke ci a Turai da Amurka wadda idan aka ba mutumin ƙauyenmu labarinta zai ɗauka ba'a ake yi masa. Hajar da ake sayarwa a cikinta ɗan ɗaki ne na katako, ciki ɗaya, a bakin daji ko gindin dutse, babu talabijin, babu maƙwabci, babu mai yi maka hidima. Masu hali kuwa rububinsa suke yi, har sai mutum ya kama wuri tun da sauran watanni. Kuɗin kwana ɗaya yakan ninka mafi ƙarancin albashin ma'aikaci a Najeriya, wato naira 70,000, sau da yawa. A Amurka, kamfanin Getaway da ya fara wannan harka a 2015 har ɗan akwati ya tanada a ɗakunansa domin baƙo ya rufe wayarsa, ya huta da ita. Tambayar da ta dace mu yi ita ce: me waɗannan mutane suke saye da kuɗinsu?

Na kwana uku a irin wannan ɗaki a yammacin ƙasar Norwe, cikin watan Yuni. Faɗinsa bai wuce shagon samari ba. Kayan cikinsa ana ƙirga su da yatsun hannu: gado, kujera biyu, ɗan tebur, murhun ƙarfe na itace, da kanta mai kofi biyu da faranti biyu. Bango uku na katako ne mai duhu, na huɗun kuma gilashi ne tun daga daɓe har rufi, yana fuskantar kogi da wani dutse mai sauran dusar ƙanƙara a kansa. Ba labule, domin babu mai leƙe. A wannan lokaci na shekara rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kuma duhu ba ya gama rufewa kafin gari ya sake wayewa, don haka lokutan Magariba da Isha'i da Asuba sukan matso kusa da juna, sai mutum ya dogara da agogo. Ƙarar da ake ji ta ruwa ce kawai, sai tsuntsaye, sai ƙararrawar tumakin da aka saka kiwo a kan tudu babu makiyayi.

Gaskiya a faɗe ta, wurin yana da daɗi. A rana ta farko hannu yakan yi ta laluben waya. A ta biyu sai barci ya yi nauyi, karatu ya zauna, mutum ya iya bin tunani ɗaya daga farkonsa har ƙarshe ba tare da wani ya katse shi ba. Duk wanda ya saba da rurin janareta da hon ɗin masu adaidaita sahu zai gane darajar hakan.

Wannan salon gini yana da magabata. Wanda ya fi shahara shi ne otal ɗin Juvet da ke kusa da ƙauyen Valldal, wanda masu zanen gine-gine Jensen da Skodvin suka tsara. Sun ɗora kowane ɗaki a kan sandunan ƙarfe domin kada a fasa dutse ko a baje ƙasa, suka kuma karkata tagogin ta yadda babu ɗakin da ke kallon wani. A nan aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Ex Machina na 2014, abin da ya ƙara wa wurin suna a duniya. Manufar ita ce a rage kayan ɗaki har ido ya rasa abin kallo a ciki, dole ya koma waje.

Amma tushen abin ya girmi masu zane. Shekaru ɗari da hamsin da suka wuce, karkarar Norwe wurin wahala ce. Da bazara mata da 'yan mata sukan kora shanu da awaki zuwa kan duwatsu, su zauna a bukkokin katako da suke kira seter, suna tatsa, suna kaɗa man shanu da yin cuku, kusan kamar mashekarin Fulaninmu. Ƙarancin ƙasar noma da talauci suka kori mutum kusan 800,000 zuwa Amurka tsakanin 1825 da farkon ƙarni na ashirin. Kakanni sun gudu daga bukka, jikoki kuma suna biyan kuɗi domin su koma cikinta. A yau ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan shida ba tana da gidajen hutu na karkara sama da 400,000, waɗanda suke kira hytte.

Abin da ya sauya tsakanin kaka da jika shi ne abin da ba a gani ta gilashi. Daɓen ɗakin da na kwana yana da ɗumi saboda wayoyin lantarki da aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa, kuma wuta ba ta ƙyafta ko sau ɗaya ba, a ƙasar da ke samun kusan kashi 90 cikin 100 na lantarkinta daga ƙarfin ruwa. Ruwan famfo ana shansa kai tsaye. Titin da ya kai ni mai kwalta ne, ya ratsa cikin duwatsu ta hanyoyin da aka huda. Ɗaya daga irinsu, ta Laerdal, wadda aka buɗe a 2000, tsawonta ya haura kilomita 24. Da ciwo ya kama ni cikin dare, lamba ɗaya zan buga motar asibiti ta taso. Ɗakin kam kayansa kaɗan ne, sai dai yana tsaye ne a kan ɗawainiyar ƙasa baki ɗaya.

Sama da wuta da titi akwai aminci. Dokar ƙasar ta 1957 ta tabbatar wa kowa 'yancin yawo a dajin da ba a noma ba, ko na wane ne, har ya kafa tanti ya kwana biyu, muddin ya nisanci gidan mutane da mita 150. Ƙungiyar masu yawon duwatsu ta ƙasar, DNT, wadda aka kafa a 1868, tana da bukkoki sama da 500. Da yawansu babu mai gadi. Mabuɗi iri ɗaya ne ke buɗe su, a wasu ma akwai ɗakin ajiyar abinci da matafiyi zai ɗiba, ya lissafa da kansa, ya biya. Wannan amana ce ta sa mutum zai kwanta shi kaɗai a daji, bango ɗaya na gilashi, ya yi barci har da minshari. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. A can an mayar da maganar haja, ana kuma samun masu saye.

Ba a rasa tsaiko ba. Mutanen ƙasar da kansu suna muhawara kan yadda sababbin gidajen hutu, da titunansu da turakun wutarsu, ke cinye daji suna takura wa barewar dajin da ke kiwo a kan tsaunuka. Wasu kuma suna ganin tsohuwar hytte, mai fitilar kananzir da masai a waje, ta fi wannan ta zamani gaskiya, domin sauƙin rayuwar da sai mai kuɗi ke iya saye ado ne kawai. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma mu da muka taso muna jin wa'azin zuhudu mun san bambanci tsakanin wanda ya bar abu yana da iko a kansa da wanda bai taɓa samu ba. Kwana uku a ɗakin gilashi hutu ne. Kada mai yin sa ya ɗauka ya ɗanɗani rayuwar talaka, wanda ba shi da ranar fita.

Nan ne maganar ta shafe mu. Duk abin da baƙi ke biya su kalla a can muna da irinsa: daji, duwatsu, taurari, shiru. Muna da Yankari da ruwan ɗumin Wikki a Bauchi, muna da tsaunin Mambila a Taraba. Amma sunayen Rugu da Kamuku da Kuyambana yanzu ba hutu suke tuna wa mai sauraro ba. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato akwai manoman da suka bar gonakin gado suka koma raɓe a birni, akwai kuma waɗanda sai sun biya 'yan bindiga kafin su girbe abin da suka shuka. Shirun dare da Bature ke nema da kuɗinsa, a waɗannan ƙauyuka shi ne abin tsoro.

Don haka idan na ji gwamnoni na maganar farfaɗo da yawon buɗe ido, ana nuna hotunan ɗakunan alfarma da za a gina a daji, sai in ga an fara gini daga rufi. Kafinta mai hannu zai iya ƙera irin wancan ɗaki cikin 'yan makonni. Abin da ke cin shekaru shi ne titin da za a bi da dare, da asibitin da ke da ma'aikaci, da alƙalin da zai raba manomi da makiyayi kafin jini ya zuba. Waɗannan kuwa haƙƙin mazaunin ƙauye ne tun kafin a zo maganar baƙo. Ranar da ɗan ƙauye ya kwanta a tsakar gidansa lokacin zafi ba tare da fargaba ba, baƙi za su zo da ƙafarsu, ko ba a yi talla ba. Allah Ya dawo mana da karkararmu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.