Shawarar Lauya ta Bidiyo a Kwarin Komadugu

Shawarar shari'a ta bidiyo ita ce mai ƙara ko wanda ake ƙara ya zauna a garinsu, lauya kuma na wani birni, su tattauna ta waya ko kwamfuta suna ganin juna. Yanzu da ake ta batun mayar da ayyukan kotu kan intanet, da yawa sun ɗauka alƙali ne zai riƙa yanke hukunci ta allo. Abin bai kai nan ba. Lauya kawai zai faɗa wa mutum takardar da zai nema, ofishin da zai je, da ranar da damar ɗaukaka ƙara za ta kuɓuce masa.

Jihar Diffa na cikin masu tsananin buƙatar wannan. Akasarin lauyoyin Nijar a Yamai suke, tsakaninsu da Diffa kuwa akwai fiye da kilomita 1,300. A Disamba 2011 doka ta kafa hukumar ANAJJ domin tallafa wa marasa ƙarfi a gaban shari'a, amma a jihohi sau da yawa wanda kotu ke naɗawa ya kare talaka ba lauya ba ne. Bayan harin Boko Haram a Bosso da Diffa a Fabrairun 2015, an kwashi ɗaruruwan mutane zuwa gidajen kaso na Kollo da Kutukale, kusa da kotun ta'addanci ta Yamai, iyalansu ba su da mai yi musu bayani.

Sai dai rigimar da ta fi yawa a bakin kogin Komadugu ta gona ce, ita kuma aka fi mantawa da ita. Manomin tattasai da rikici ya kora zuwa bakin hanyar RN1, ko ambaliyar 2019 ta tayar, yakan dawo ya tarar wani ya yi shuka a fadamarsa. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi a fara neman sulhu gaban sarakuna kafin a je kotu, ta kuma kafa kwamitocin filaye, COFO, masu ba da shaidar mallaka. Sulhu da yawa a baki yake ƙarewa, ba a rubuta shi ba. Lauya komai ƙwarewarsa, in ya ce a nuna masa takarda a allo aka rasa, shawararsa ta raunana. Sakaci ne a sayi na'urori alhali waɗannan kwamitoci ba su da kayan aiki.

Tsarin shawarar bidiyo na buƙatar rezon intanet, da wutar sola, da tafinta mai jin Barbarci, Fulatanci ko Tubanci, da ɗaki mai sirri. Matar da ke neman gadonta ba za ta buɗe baki a rumfar mai cajin waya ba, ga jama'a na saurare. Ya kamata ma'aikatar shari'a ta tanadi irin wannan ɗaki a kotunan Diffa, Maine-Soroa da N'Guigmi, ta kuma matsa a riƙa rubuta kowane sulhu a ba ɓangarorin biyu takardarsa.