Kafin Ka Ɗauki Hoton Ayarin Sojoji: Abin Da Ya Kamata Ka Sani

A ƙasashen da ke gaɓar teku akwai mutanen da sha'awarsu ita ce bin diddigin jiragen ruwa. Ba jami'an tsaro ba ne, ba 'yan leƙen asiri ba. Wasu suna zama bakin tashar jiragen ruwa da kyamara, wasu kuma suna gida gaban kwamfuta. Abin da ya sauƙaƙa musu aikin wata na'ura ce da ake kira AIS, wadda dokar sufurin teku ta wajabta wa manyan jiragen kasuwanci tun farkon shekarun 2000. Na'urar tana shelanta sunan jirgi, inda yake, gudunsa da inda ya nufa, don kada jirage su yi karo. Shafuka irin su MarineTraffic suna tattara wannan saƙo su ɗora a taswira, kowa ya gani. Haka Flightradar24 ke yi wa jiragen sama.

Jiragen ruwan yaƙi ba a tilasta musu kunna na'urar ba, amma sukan kunna ta a wuraren cunkoso. Sojojin ruwan Amurka sun ba da umarnin yin haka a 2017, bayan jiragensu biyu sun yi karo da na kasuwanci, aka yi asarar rayuka. Ko jirgi ya kashe na'urarsa, hoton da wani ya ɗauka daga bakin gaɓa ya isa ya faɗi ranar da ya tashi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan bayanai da yake sirri. Haɗarin yana zuwa ne idan an haɗa su wuri guda, kuma a kan lokaci. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar manhajar motsa jiki ta Strava tana nuna fasalin sansanonin soja a Afganistan da Siriya, saboda sojoji suna gudun safe da agogo ko waya a kunne.

Mu a Kankiya da Kusada ba mu da teku, amma muna da babban titin Kano zuwa Katsina, wanda motocin soja da na 'yan sanda ke bi dare da rana, kuma kusan kowane matashi yana da waya mai kyamara. Ayari ya wuce ta Gidan Mutum Ɗaya, kafin ya kai Charanci bidiyonsa ya shiga WhatsApp da TikTok: ga yawan motoci, ga irinsu, ga inda suka karkata. Mafi yawan masu ɗauka murna ce ke sa su, don ganin an kawo ɗauki. Sai dai waya ba ta tantance mai kallo. 'Yan bindiga ma suna kan waɗannan kafafe, kuma abin da a da sai sun biya infoma kafin su sani, yanzu yana iya zuwar musu kyauta. Wanda ya san motoci nawa ne suka kama hanyar Dutsin-Ma da ƙarfe nawa, yana da zaɓi biyu: ya kwashe mutanensa da waɗanda ya sace ya ƙara nutsawa daji, ko ya yi kwanton ɓauna. Ba abu ne mai nisa ba. A kusa da Dutsin-Ma aka kai wa ayarin share fagen zuwan Shugaba Buhari Daura hari a Yulin 2022.

Tsoron irin wannan kwararar labari ne ya sa aka yanke layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, sannan aka yanke a ƙananan hukumomi 13 na Katsina zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Jama'a sun ɗanɗana kuɗarsu: ciniki ya tsaya, tura kuɗi ya gagara, kuma ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da hanyar kiran taimako. A ganina wannan magani ne mai tsada ƙwarai, kuma sakacinmu da waya yana cikin abin da ke ba hukuma hujjar sake yin sa. Ukiren ta bi wata hanya a Maris 2022, ta yi dokar da ta haramta yaɗa motsin dakarunta kafin hukuma ta sanar. Nan gida ma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro da aka keɓe ba tare da izini ba.

Wannan ba ya nufin talaka ya rufe ido. Bayan jirgi marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna a Disamban 2023, shaidar mutanen garin da hotunan da suka fito sun taimaka wajen hana a binne maganar, kuma rundunar soja ta amsa cewa ita ce. Adana shaidar abin da ya riga ya faru haƙƙi ne. Shelanta abin da ake shirin yi kuwa taimakon abokin gaba ne, ko da ba da niyya ba.

A kuma sani cewa ba duk abin da ke kan allo ne gaskiya ba. A Yunin 2021 taswirar AIS ta nuna jirgin yaƙin Birtaniya, HMS Defender, dab da Sebastofol, alhali yana ɗaure a tashar Odesa. Tsohon bidiyo ma haka ake sabunta shi a ce yau ne, a tayar da hankalin gari.

Don haka idan ayari ya gifta ta gabanka, yi musu addu'a, ka bar wayar a aljihu. In ka ga motsin 'yan bindiga, sanar da ofishin 'yan sanda, mai unguwa ko jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023. Masu kula da zaurukan WhatsApp na unguwanni da kasuwanni, ku goge duk saƙon da ya faɗi inda jami'an tsaro suke ko inda suka nufa, ku kuma ja kunnen wanda ya turo shi.